Wa ya kashe kiɗan unguwa a Kano?

"Malam, barka da aiki. Ni haifaffen cikin birnin Kano ne, shekaruna 27. Mahaifina yakan ce a zamaninsu babu unguwar da ba ta da makaɗanta, da daddare ana jiyo kalangu daga dandali, mata kuma na kiɗan ƙwarya a cikin gida. Ni kuwa tun da na tashi DJ na sani da waƙar situdiyo. Wasu sun ce malamai ne suka kashe abin, wasu sun ce finafinan Indiya, wasu sun ce fiyano. Wanne ne gaskiya? Kuma in mutum yana so ya tattara abin da ya rage na unguwarsu, ta ina zai fara?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Abu biyu ka haɗa: kana neman wanda za a ɗora wa alhakin shirun da unguwa ta yi, kana kuma neman hanyar tsinto abin da bai riga ya ɓace ba. Na yi shekaru a ɗakin ajiyar faifai na gidan rediyo, daga baya na koma yawon ɗaukar makaɗa da rikoda a cikin birni da kewaye, don haka da abin da idona ya gani zan amsa maka. Mahaifinka bai yi maka ƙari ba. Ukun nan da aka lissafa maka kuwa, kowanne ya sa hannu, amma babu wanda shi kaɗai ya isa ya kai abin ƙasa, kuma akwai na huɗu da ba a cika ambatonsa ba.

Kiɗan da ke da masu shi

A Kano ta da, kowane kiɗa akwai mutanen da aka yi shi dominsu. Fada na da tambari da algaita da kotso da kakaki. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a garin, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, manoma na da gangar noma, 'yan tauri da mafarauta da 'yan dambe kowa da nasa. Mata a cikin gida suna da ƙwarya da shantu da waƙoƙin daka da niƙa da reno, 'yan mata kuma suna da gaɗa a dandali in an samu farin wata. Makaɗi gadon kiɗan ya yi, ubangidansa ma gadon makaɗin ya yi. Ɗan Sarkin Fawa zai tashi ya tarar da gidan da ke yi wa gidansu kiɗa tun kaka da kakanni, in Sallah ta matso ba sai an tuna masa rigar wa zai ɗinka ba.

Wata safiya a ƙarshen shekarun 1980 na bi wani tsohon makaɗin mahauta zuwa kwata, ina rataye da rikoda. Ya sami gefe ya tsaya, ya matse kalangu a hammata, ya saki kiɗa gajere, bai ko buɗe baki ba. Can cikin masu fiɗa wani ƙato ya ajiye wuƙa, ya miƙe, jikinsa na ɓari, ya ɗaga hannu ya shiga kirari. Sauran ko ɗagowa ba su yi ba, don ba da su ake ba. Da ya gama tsuma sai ya yanko tsoka mai kyau ya miƙa wa yaron makaɗin. A hanyar komawa na ce wa tsohon ya faɗa mini da baki abin da ya kaɗa. Ya jero sunan kakan mahaucin, da garin da suka taso, da wata bajinta da kakan ya taɓa yi da wani bijimi. Wannan shi ne take. Kalangu yana iya maganar ne saboda Hausa harshe ne mai hawa da sauka, in an matse tsarkiya murya ta ɗaga, in an sassauta ta faɗi. To amma sai da kunnen da ya san maganar. Ranar da jikan mahaucin nan ya koma sayar da waya a Farm Centre, taken gidansu ya zama ƙara kawai a kunnensa, makaɗin kuma ya rasa wanda zai kaɗa wa.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ni a Kano masu rawar na ga sun fara watsewa.

Jirgin ƙasa, rediyo da kaset

Sauyin ya girmi mahaifinka. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, ba da jimawa ba aka kafa Sabon Gari don baƙi daga kudu. Cinikin gyaɗa ya fito da sababbin masu kuɗi waɗanda ba su gaji sarauta ba: attajirai, dillalai, masu motocin haya, direbobi, 'yan kamasho. Su ma suna son a ambace su. Fagge da Sabon Gari suka zama wuraren da kiɗan da cikin ganuwa ba ta cika sakar wa fuska ba yake samun masauki, goge da kukuma da garaya a otal-otal da gidajen wasa, gefe guda kuma 'yan kudu na nasu kaɗe-kaɗen da jita da ƙaho. Daga 1950, da aka kafa jam'iyyar NEPU, siyasa ta zama wata sabuwar ubangida. Marubuta irin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu suka riƙa rera waƙoƙinsu a taruka da gidan rediyo, ba kiɗa, muryar kawai.

Akwatin rediyo ya shigo Kano a shekarun 1940, gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, faifan garmaho ya yaɗu, sannan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, suka sa rikoda mai kaset a ɗakin kusan duk ma'aikaci. Wannan lokacin ne mutane ke kira zamanin gargajiya na ainihi, kuma lallai an yi abin a zo a gani. Sai dai ka duba su wa aka fi ji. Mamman Shata mutumin Musawa ne a ƙasar Katsina, Ɗan Maraya na Jos, Musa Ɗanƙwairo daga ƙasar Zamfara, Haruna Uji daga Haɗeja, Barmani Choge daga Funtuwa. Kano na da nata, irin su Garba Supa da Uwaliya Mai Amada, amma babban abin da ta ba kowa shi ne kasuwa: nan masu kuɗin suke, nan ake buga kaset, nan ake sayarwa a Ƙofar Wambai da Bata. Ba a banza ake ce mata tumbin giwa ba.

Ga abin da ba a son ji. Wanda ya fara cutuwa da rikoda shi ne ƙaramin makaɗin unguwa. Mai shayi da ke da kaset ɗin Shata me zai yi da wani mai kalangu na bayan layi? Uwar biki da za ta iya kunna amada a tsakar gida ba lallai ta aika a kira zabiya ba. Tun kafin a ga fiyano a Kano, makaɗa ƙalilan sun riga sun cika kunnen gari, ɗaruruwan da ba a taɓa ɗauka ba sun fara komawa dako da gadi da ɗinkin hula. Mu ma'aikatan rediyo muna da namu kason a ciki, domin wanda ya yi suna muke ta maimaitawa.

Ukun da ake zargi

Batun malamai ba sabo ba ne. Tun zamanin jihadi, shekara 200 da suka wuce, malamai ke rubutu a kan kiɗan da ya halatta da wanda bai halatta ba, kuma kalangu bai fasa ba. Abin da ya ƙaru daga ƙarshen shekarun 1970 shi ne wa'azi ya samu lasifika da kaset, makarantun Islamiyya suka yawaita, matan aure suka shiga karatu. Na san makaɗa fiye da ɗaya da suka ce sun tuba, suka rataye kayan kiɗa, wani ma ya roƙe ni in daina sa muryarsa a rediyo. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, Hisba ta zo, wasannin otal da kiɗan da ke cakuɗa maza da mata suka ja baya sosai. Goge da garaya su suka fi jin jiki, saboda dama ana danganta su da bori da gidajen mata masu zaman kansu. Amma addini bai rufe kiɗa gaba ɗaya a Kano ba. Ka je Maukibin Ƙadiriyya da ke tasowa daga gidan Shehu Nasiru Kabara ka ji yadda bandiri ke girgiza gari. Waƙoƙin bege ma sun fi da yawa yanzu.

Akwai wani abu da ke tafiya tare da wa'azin wanda ya fi shi ƙarfi a ganina, shi ne kunya. Bahaushe yana son kiɗa amma ba ya son ba makaɗi 'yarsa. Yaron da aka yi ta kira ɗan maroƙi a firamare, in ya samu takardar sakandare ba zai ɗauki gangar ubansa ba, uban ma ba ya so ya ɗauka. Gidajen makaɗa da yawa da na sani ta nan gadon ya yanke, ba wanda ya hana su.

Finafinan Indiya kuwa sun daɗe. An buɗe silimar Rex a 1937, Palace ta biyo baya a farkon shekarun 1950 a cikin ganuwa kusa da Kurmi, aka yi ta ƙorafi a kanta. Samarin da suka cika Plaza da Orion da Marhaba sun haddace waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba. Abin da Indiya ta kawo shi ne waƙar soyayya tsakanin namiji da mace suna amsa wa juna, da kuma fifita daɗin karin murya a kan nauyin magana. A waƙar da, magana ce gaba, kiɗa na biye da ita. Kuma kada ka ɗauka masu addini na gefe guda, Indiya na gefe guda: akwai ƙungiyoyin bandiri a cikin birni da suka riƙa ɗaukar karin waƙar fim suna ɗora yabon Annabi a kai, jama'a na kuka don shauƙi.

Fiyano shi ya zo ƙarshe, kuma lissafi ne ya kawo shi. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, harkar fim ɗin bidiyo ta kankama, zuwa ƙarshen shekarun 1990 kowane fim sai da waƙa. Mai shirya fim ba zai iya ɗaukar nauyin makaɗi da 'yan amshinsa da masu kalangu da sanƙira ba, mutum goma ko fiye, ga mota ga abinci ga masauki. Yaro ɗaya da Yamaha a wani ɗaki a Zoo Road zai haɗa masa komai kafin la'asar. Lissafin nan ne ya bi gidan biki. Kuma in za a faɗi gaskiya, yaran situdiyo na farko ba su ƙwace wa kowa gado ba, yawancinsu ba 'ya'yan makaɗa ba ne, sun tarar da wuri babu kowa suka zauna. Abin da nake jin haushinsa a aikinsu ɗaya ne: kalangun da ke cikin na'ura ba ya magana. An ɗauki amonsa, an bar harshensa.

Na huɗun

Filin ne. Dandali wuri ne na gaske, fili a tsakiyar unguwa inda 'yan mata ke kai tallan gyaɗa da dafaffen rogo, samari na zagaye, mai kalangu na gefe, tsofaffi na jiyowa daga zaure sun san 'yar wa ke ba da waƙa. Je ka nemi wannan filin a unguwarku yau. Ko an yanka shi an yi shaguna, ko an yi gareji, ko an kewaye shi da bulo. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye mutum wajen miliyan 2.8, kuma garin bai tsaya nan ba. Mutanen da suka tashi a Yakasai ko Mandawari ko Gwammaja sun koma Kumbotso da Ungogo, maƙwabcinka ba ka san sunan kakansa ba balle takensa. Biki ya bar ƙofar gida ya koma zauren taro na haya, inda ake biyan awa kuma sai da kati. Makaɗin da ba a gayyata ba, wanda a da zai iso ƙofar gida ya saki kiɗa a yi masa kari, yanzu mai gadi ne zai tare shi. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012 da dokar hana fita da shingayen da suka biyo baya, taron dare ya daɗe bai dawo ba, wasu wuraren ma har yau.

Duk da haka ban yarda da kalmar mutuwa ba. Ka tsaya bakin hanya ranar Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa ka ji kakaki da algaita da ganguna a bayan kowane hakimi. A 2024 ma UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake karewa. A gidan dambe kalangu ne har gobe, don ɗan dambe ba ya tsuma da fiyano. Yara na fita tashe daga goma ga azumi, Nalako na bin gwauraye, ana hawa Dala ranar Takutaha. Roƙo kansa ya sauya riga ne kawai: waƙar da ake bugo wa amarya a situdiyo, mai jero sunan uwa da gwaggo da ƙawaye, aikin zabiya ne. Waƙar siyasa da ke tashi a motocin kamfe jikar waƙoƙin jam'iyyun NEPU da NPC ce. Wanda ya tafi, ko yake kan tafiya, shi ne kiɗan sana'a, da na dandali, da na matan cikin gida.

Ta inda za ka fara

A nan zan gaya maka iyakata. Ni namiji ne, shekarun da na yi ina ɗauka a zaure nake tsayawa. Kiɗan ƙwarya na ainihi, wanda ake yi bayan an rufe ƙofa maza sun fita, da habaicin kishiyoyi da waƙoƙin da ba a yi gaban suruki, daga bayan katanga na jiyo shi. Kai ma haka za ta same ka. Saboda haka ka nemi ƙanwarka ko matarka ko wata gwaggo ta zama abokiyar aikinka tun daga farko, ka ba ta waya ta shiga, kuma a tambayi tsohuwar ko ta yarda a ɗauka, ko ta yarda wani ya ji, ko a ambaci sunanta. In ta ce a'a, a bar ta.

Ka fara da gidanku. Zaunar da mahaifinka ya lissafa maka sunayen makaɗan da ya tuna da inda gidajensu suke. Daga nan sai wurin mai unguwa, sai Sarkin Fawa ko Sarkin Maƙera in akwai, su ne suka san gidan da ke yi musu kiɗa. In ka je wurin makaɗi kada ka je hannu rabbana, ka riƙe goro da abin hasafi, kiɗa abincinsa ne. Kada ka zaro waya a zuwan farko. Ka gaisa, ka faɗi ɗan gidan wa kake, ka saurara, ka sa rana.

Ranar ɗauka, ka nemi ɗaki mai tabarma ko katifa nesa da janareta, safiya ta fi. Kafin komai ka faɗi kwanan wata da unguwa da sunan mai magana da kayan da zai kaɗa, a cikin ɗaukar kanta, don takarda tana ɓata. Kada ka manna wayar a jikin ganga, ka ja baya kamar taku biyu. Sannan abin da ya fi komai: duk taken da ya kaɗa, ka ce ya faɗe shi da baki, ya gaya maka na wane ne, me ya jawo shi. Kiɗan da babu wannan bayanin, bayan shekara 20 ba mai iya warware shi. Ka tambaye shi wa ya koya masa, wace fata ake ɗaura wa gangar, wa ke sassaƙa masa icen, wace kyauta ce mafi girma da aka taɓa yi masa. Tambayar ƙarshen nan ita ke buɗe bakin tsoho, daga ita za ka ji tarihin attajiran unguwarku kaf.

Tsofaffin kaset kuma suna nan a ƙarƙashin gadaje da cikin adaka. In ka samu, kada ka jefa shi cikin kowace rikoda, mai cin zare za ta gama da shi a minti ɗaya. Duba ko ya yi fumfuna, ka juya shi a hankali da biro daga farko zuwa ƙarshe, sannan a kunna a na'ura mai lafiya a juye a kwamfuta. Ka ɗauki hoton kwalin da duk abin da aka rubuta a jiki. Ka ajiye a wuri uku, ɗaya a intanet, ka kuma kai wa iyalan makaɗin nasu. Ina nanata wannan ne saboda abin da na gani. A wani wurin da na yi aiki, lokacin da kuɗin sayen sabon zare ya yanke, an riƙa ɗauko tsofaffin faifai ana goge su ana ɗora jawabin manya a kai. Da hannuna na ɗauko wani kwali mai sunan wani mai kotso da na san ya rasu, na kunna, sai na ji ana buɗe rijiyar burtsatse.

Kafin ka yi nisa, ka leƙa Jami'ar Bayero, sashen harsunan Najeriya. Ɗalibai sun yi shekaru suna rubuta kundaye a kan makaɗa da wasannin unguwanni, kuma malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi aiki mai yawa a fannin, na farko a kan makaɗan baka, na biyu a kan waƙar fim da ta zamani. Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama ma suna da kayan kiɗa da hotuna da za su taimake ka ka gane abin da tsoho ke kwatanta maka. Wataƙila ka tarar wani ya riga ya yi hira da kakan wanda kake nema.

Tsohon makaɗin mahautan nan ya rasu da daɗewa. Da na koma gidan bayan wasu shekaru, kalangunsa na rataye a zaure, fata ɗaya ta fashe. Ɗansa, wanda ke tuƙa a-daidaita-sahu, ya ce shi bai iya kaɗawa ba, amma da na fara faɗin taken mahaucin nan da baki sai ya karɓe ya ƙarasa, har ya ƙara mini wasu guda shida da ban taɓa ɗauka ba. In ka je gidan makaɗi aka ce maka ai mai kiɗan ya rasu, kada ka juya. Ka tambayi wanda yake riƙe masa kaya yana yaro.